Daga Gidan Makaɗi Zuwa Situdiyo: Tarihin Koyon Sana'ar Kiɗa a Ƙasar Hausa da Matsayin Makaranta a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

A yau, idan saurayi a gari irin Jalingo ya ƙuduri aniyar zama mai haɗa kiɗa, wato wanda yake zama a situdiyo ya tsara kiɗa da fiyano ko kwamfuta, ya ɗauki muryar mawaƙi, ya tace ta har waƙa ta kammala, tambayar da takan taso a gidansu ita ce: wace makaranta ake zuwa a koyi wannan aiki, kuma shin takardar shaidar da za a samo tana buɗe ƙofar sana'ar? Tambayar sabuwa ce, amma amsarta tana cikin tarihi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin hanyoyin da aka bi aka koyi kiɗa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, tun daga gidan makaɗin gado har zuwa situdiyon zamani, domin a ga inda makaranta ta shigo da inda ta tsaya. Za a nuna cewa manyan makarantun Arewa sun karɓi waƙa a matsayin adabi, suka bar kiɗanta a waje, kuma wannan rabuwa ita ce ta sa har yanzu almajirci ne babbar hanyar shiga sana'ar. Daga ƙarshe za a waiwayi Jalingo, inda hanyoyin koyo iri daban-daban suka haɗu a gari guda.

2.0 Koyo a Gidan Makaɗi

Makarantar kiɗa ta farko a ƙasar Hausa ita ce ƙungiyar makaɗi. M.G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayin mutane a al'ummar Hausawa, ya bambanta sana'ar karda, wadda mutum ya gada, da ta shigege, wadda ya shiga da rana tsaka. Kiɗan fada da na sana'o'i galibi na karda ne. Yaro yakan tashi ya tarar da mahaifinsa yana kiɗan kotso ko taushi ko kalangu, sai ya fara da ɗaukar kaya, ya koma riƙe ƙaramar ganga, ya shiga cikin 'yan amshi, daga nan a ba shi damar yin ƙari a cikin waƙa. Ba ya zama jagora sai uban ƙungiya ya tsufa ko ya rasu, ko kuwa ya sallame shi. A tsawon waɗannan shekaru yana haddace take da kirari da nasabar sarakuna, yana koyon gyaran fata da tsarkiya, yana kuma koyon abin da ya fi waɗannan wuya, wato sanin abin da ake faɗa a gaban basarake da abin da ake haɗiyewa.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, misali ne na wannan tafarki. Ya taso a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, makaɗin noma, ya yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, bai gaji kiɗa ba, hasali ma mahaifinsa bai so ya shiga ba. Ya koya ne a dandali da kasuwa. Shi kuma Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan makaɗin fadar Bukuru ne, amma kuntigin da ya shahara da shi ba daga gida ya ɗauko ba.

Abin lura a nan shi ne, a wannan tsari koyo da shiga kasuwa abu ɗaya ne. Ɗan amshi yana koyo a gaban masu sauraron da za su zama iyayen gidansa gobe. Ba a bukatar takarda ta gabatar da shi, domin an riga an san shi. Sai dai tsarin yana da tsada ta wata fuskar: al'umma ta ajiye makaɗa da maroƙa a ƙasan jerin masu sana'a, kuma da yawa daga malamai suna ƙyamar wasu nau'o'in kiɗa. Wannan kallo ya yi tasiri a kan abin da iyaye za su yarda 'ya'yansu su je makaranta su koya.

3.0 Faifai da Rediyo

Zuwan garmaho da rediyo ya shigo da mutum na uku tsakanin makaɗi da mai sauraro, wato mai ɗaukar sauti. Kamfanin Tabansi ya fara harkar faifai a Kano a farkon shekarun 1950 kafin ya koma Anacha, kuma daga baya kamfanoni irin su EMI sun buga fayafayan makaɗan Hausa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna, wanda ya ɗauki waƙoƙin makaɗa masu ɗimbin yawa ya kuma kai muryoyinsu har ƙetaren Nijeriya. Sai dai aikin mai ɗaukar sauti a wancan zamani bai wuce ya kafa makirufo ya naɗi abin da ƙungiya ta zo da shi ba. Ma'aikacin injiniya ne wanda gidan rediyo ya horar, ba ya tsara kiɗa, ba ya sa baki a cikin waƙa. Fasahar tana hannun makaɗi, na'ura tana hannun ma'aikaci.

A wasu ƙasashe a wannan lokaci ne aka fara haɗa ayyukan biyu a cikin darasi guda. A birnin Detmold na Jamus an buɗe kwas a 1949 domin horar da mutumin da ya san kiɗa kuma ya san na'urar ɗaukar sauti, sannan Jami'ar Surrey ta Ingila ta fara irinsa a 1970. Daga irin waɗannan kwasa-kwasai ne karatun haɗa kiɗa ya samo asali a matsayin fanni mai zaman kansa.

4.0 Waƙa a Jami'a, Kiɗa a Waje

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961. Daga baya Jami'ar Ife da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan da wasu kwalejojin ilimi suka bi sahu. A Legas an kafa ƙungiyar MUSON a 1983, ta buɗe makarantarta a 1989, kuma Peter King ya kafa tasa makarantar a 1982, inda mawaƙiya Asa ta yi karatu. Mafi yawan waɗannan makarantu a Kudu suke, kuma tushensu yana cikin al'adar mawaƙan coci da rubutun kiɗa irin na Turawa.

A Arewa lamarin ya ɗauki wani salo. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, waƙar baka ta sami gurbi ne a sassan nazarin harsunan Nijeriya, a ƙarƙashin adabi. An yi aiki mai yawa kuma mai daraja. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993 da Makaɗa da Mawaƙan Hausa a 1996, littattafan da suka zama madogarar ɗalibai. Kafin su, David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmomin da suka shafe su a wani ƙamus da aka buga a 1971. Amma abin da ɗalibi yake koya a aji shi ne turke da salo da zubi da tsari. Yana rubuta matanin waƙa a takarda ya feɗe shi, ba a koya masa kaɗa kalangun da ya ɗauki waƙar, balle yadda ake naɗar sautinsa.

Alamar wannan rabuwa ta fito fili a 1988, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Jami'a ta amince cewa fasaharsa ta kai ta dakta, alhali ba ta jami'a ake bi a koyi abin da ya iya ba. An yi yunƙurin cike giɓin a wajen jami'a. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, Bala Miller ya yi aikin kafa makarantar kiɗa a Kano, amma yunƙurin bai yi rassa a sauran garuruwa ba. A Jos, Kwalejin Talbijin ta NTA da Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa suna koyar da ɗaukar sauti, sai dai a matsayin ɓangare na aikin talbijin da fim.

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya. A 1989 an buɗe Cibiyar Horar da Makaɗa ta Alhaji Taya a Yamai, wadda ta haɗa koyarwa da adana kayan kiɗan gargajiya. A harabarta ƙungiyar Mamar Kassey ta samo asali a 1995. Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya sami tallafin hukumar UNESCO a 2002 ya tafi yankin Tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram a wurin tsohon makaɗin Buduma da ya rage yana kaɗa shi. Wannan ya nuna abin da hukuma za ta iya yi wanda kasuwa ba za ta yi ba: ta biya mutum ya zauna ya koyi abin da babu mai saye a lokacin.

5.0 Fiyano da Haihuwar Mai Haɗa Kiɗa

Mai haɗa kiɗa irin na yau ɗan masana'antar fim ne. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya fim sun fara sa waƙoƙi a cikin labari, bisa koyi da finafinan Indiya waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo. Ɗauko ƙungiyar makaɗa guda domin kowace waƙa yana da tsada, ga kuma wahalar ɗaukar sautinsu a ƙaramin ɗaki. Fiyano ta warware matsalar. Kamar yadda binciken Abdalla Uba Adamu ya nuna, a tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya samo fiyanon Yamaha wadda take ɗauke da sautuka masu kama da na sarewa da ganga da goge, sai mutum ɗaya ya iya tsayawa a madadin ƙungiya. Nasarar da fim ɗin Sangaya ya samu a ƙarshen shekarun 1990 ta tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce take sayar da fim. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, kuma irin waɗannan waƙoƙi suka sami laƙabin nanaye.

Daga nan situdiyo suka yawaita a Kano da Kaduna da Jos. Kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su Cubase da FL Studio, da kuma Auto-Tune, wadda aka ƙirƙiro a 1997 domin daidaita murya. Mawaƙa irin su Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa da Nura M. Inuwa da Ali Jita da Fati Nijar duk a wannan yanayi suka yi suna, kuma waƙar situdiyo ta fita daga cikin fim ta shiga siyasa da biki da fada da bege.

Abin mamaki shi ne, sabuwar na'ura ba ta zo da sabuwar hanyar koyo ba. Yaron situdiyo yakan fara da shara da aike da naɗe waya, ya zauna a bayan maigidansa yana kallon yatsunsa, a bar masa fiyano idan dare ya yi babu aiki, sannu a hankali a ba shi ƙananan ayyuka, har ranar da zai buɗe nasa wurin. Wannan shi ne tsarin ɗan amshi, an sauya masa ɗaki kawai. Mawaƙin da ya zo neman kiɗa ba ya tambayar takarda. Yana tambaya ne wace waƙa mutum ya taɓa yi. A shekarun baya-bayan nan darussan YouTube sun zama malami na biyu. Yunƙurin hukuma mafi girma na kafa wurin horarwa, wato shirin Gwamnatin Tarayya na gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, an soke shi a 2016 bayan adawar da wasu malamai da jama'a suka nuna.

6.0 Waiwaye a Kan Jalingo

Jalingo ba ta cikin ƙasar Hausa ta asali, amma Hausa ce harshen kasuwarta da na cuɗanyar jama'arta, saboda haka tana cikin kasuwar waƙar Hausa. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a 1893, bayan yaƙin Kona, ta zama mazaunin masarautar Muri. A ranar 27 ga Agusta, 1991 ta zama babban birnin Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola. Taraba tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya: akwai Mumuye da Jukun da Fulani da Kuteb da Chamba da Mambila da Wurkun da wasu da dama, kowace al'umma da nata kiɗan.

Saboda wannan tarihi, hanyoyin koyo guda uku sun zauna kafaɗa da kafaɗa a yankin. Akwai ta fada, inda kakaki da algaita da tambari suke bin gado, kamar yadda yake a sauran masarautun daular Sakkwato, haka nan a fadar Aku Uka ta Wukari bisa al'adar Jukunawa. Akwai ta coci. Tun farkon ƙarni na 20 'yan mishan suka kafa tashoshi a Ibi da Wukari da Donga, daga baya a Lupwe kusa da Takum da kuma Bambur, suka ɗauki Hausa a matsayin harshen ibada, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙungiyoyin mawaƙan coci sun zama wurin da yara suke koyon rera waƙa da muryoyi huɗu, da karanta alamomin do-re-mi, daga baya da kaɗa fiyano da jita da sarrafa na'urar ƙara sauti. Wannan ce hanya mafi kusa da tsarin makaranta, kuma ba abin mamaki ba ne cewa Panam Percy Paul, ɗan asalin Adamawa mai waƙoƙin bishara, ya kafa makarantar kiɗa a Jos. Ta uku ita ce ta situdiyo, wadda take kallon Kano da Jos da Legas a lokaci guda.

Manyan makarantun jihar kuwa matasa ne. An kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo a 2008, Jami'ar Tarayya ta Wukari kuma a 2011. Sun zo ne a lokacin da situdiyo ta riga ta kafu da nata tsarin koyo. Don haka saurayin da aka ambata a farko yana da zaɓi biyu: ya yi tafiya zuwa inda ake ba da takarda a fannin kiɗa, ya koyi ƙa'idojin da galibi aka gina a kan kiɗan Turawa, ko ya zauna a gindin wani mai situdiyo ya koyi abin da kasuwa take so yau. Tarihin da aka bayar ya nuna cewa hanya ta biyu ce take kai mutum cikin sana'a da sauri.

7.0 Abin da Almajirci Ba Ya Bayarwa

Duk da haka, akwai abubuwan da suke salwanta a wannan tsari, kuma sun shafi masana harshe kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Karin sauti ne ya raba kuka ta itace da kuka na hawaye, tsawon wasali ne ya raba gari na zama da gari na tuwo. Joseph Greenberg a 1949 da M.K.M. Galadanci a 1975 sun nuna cewa karin waƙar Hausa ya dogara a kan nauyin gaɓa. Paul Richards a 1972 ya auna dangantakar karin sautin magana da hawa da saukar murya a wata waƙar Hausa, Ɗalhatu Muhammad a 1980 ya fito da amsa-amon kari, sannan Bruce Hayes da Russell Schuh a 2019 suka nazarci yadda ake ɗora gaɓoɓin rajaz a kan bugun kiɗa. Makaɗin kalangu ya san wannan duka da kunnensa, shi ya sa gangarsa take iya faɗin take a gane. Fiyano kuwa an daidaita ta ne a kan matakan sauti goma sha biyu na Turai, kuma manhajar gyaran murya tana jan murya zuwa matakin da ya fi kusa. Idan mai haɗa kiɗa ya riga ya tsara bugu kafin mawaƙi ya zo da baiti, harshe ne yake lanƙwasawa ya bi kiɗa. Wannan fage ne na nazari wanda yake bukatar mutumin da ya san ilimin harshe kuma ya san na'ura.

Abu na biyu shi ne kayan kiɗa. Sautin da fiyano take bayarwa kama ce kawai ta kalangu ko goge. Naɗar ainihin sautin kotso da taushi da gurmi, ko na kayan busar Mumuye da gangunan Jukunawa, a tsara su yadda mai situdiyo zai iya amfani da su, aiki ne mai cin lokaci da kuɗi wanda ƙaramin situdiyo ba zai ɗauka ba. Abu na uku shi ne haƙƙin mallaka. Kasuwa ta tashi daga hannun dillalan kaset na Ƙofar Wambai ta koma hannun masu tura waƙa a waya, daga nan ta hau intanet. An sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya a watan Maris na 2023, amma mai haɗa kiɗan da aka biya sau ɗaya aka sallama ba ya cin moriyarta idan bai san yadda ake rubuta yarjejeniya ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tun daga zamanin Ɗanƙwairo har zuwa na fiyano, hanyar shiga sana'ar kiɗa a ƙasar Hausa ita ce zama a gaban wanda ya iya. An kuma ga cewa jami'o'in Arewa sun raya nazarin matanin waƙa, yayin da koyar da kiɗa ya tsaya a fada da coci da situdiyo. Makarantar da za ta yi tasiri a wannan fanni ita ce wadda ta amince da wannan tarihi: ta shigo da makaɗan gado da masu situdiyo cikin aji a matsayin malamai, ta tura ɗalibanta su zauna a wurinsu, ita kuma ta ɗauki nauyin abin da su ba za su iya ba, wato nazarin harshe a cikin kiɗa, da adana sauti, da sanin doka. Sassan harsunan Nijeriya, da yake su ne suka riƙe waƙa fiye da shekara hamsin, su ya kamata su fara buɗe wannan ƙofa, kuma gari mai tarin harsuna da kaɗe-kaɗe irin Jalingo wuri ne da ya dace a gwada.